Baba Mai Awo, Wanda Ya Tsare Mana Tudu

Kafin mata su gama sharar ƙofar gida za ka ji ƙarar babur ɗinsa daga bakin titi. Ba mai kuskuren ta, don tari babur ɗin yake yi kamar tsohon da hayaƙi ya sarƙe. A bayansa akwai guduma, da ƙullin igiya, da tef ɗin awo cikin wata jaka da ta ga duniya, da lema mai karyayyen ƙarfe. Zai kafe babur a gindin katangar makaranta, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga unguwa a ƙasa. Kowace ƙofa sai ya yi sallama. Ya tambayi mai jego ya jiki, ya tambayi mai awaki ko an ga wadda ta ɓata, alhali idonsa yana can kan ramin da wani ya haƙa jiya da yamma. Wannan shi ne Baba Mai Awo, ma'aikacin hukumar tsara birni, wanda ya ajiye aiki a makon nan. Ina so duk wanda rubutun nan ya isa hannunsa ya san shi, don mu kam mun san shi, kuma tun shekaranjiya murna ta hana mu zama wuri ɗaya.

In aka ambaci hukumar tsara birni, abin da ke zuwa wa mutane a rai jan fenti ne a jikin katanga da motar rusau. Baba yana da gwangwanin jan fentin, amma na sha jin ana tsokanarsa cewa fentin ya daskare don rashin buɗewa. Shi aikinsa da rami yake. Da zarar mutum ya haƙa harsashin gini, tun kafin a zuba kankare, Baba ya iso. Zai ja igiyarsa daga wannan turke zuwa wancan, ya durƙusa ya rufe ido ɗaya, sannan ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya gaya wa mai gida cewa raminsa ya shiga hanya. Mai gida ya rantse bai shiga ba, Baba ya ce to igiya ce ta yi ƙarya, a zo a tambaye ta. Yakan ce gara ya ɓata wa mutum rai tun abin yana rami, da ya bari sai ya yi rufi, matarsa ta rataya labule, sannan a zo da mota. Shi ya sa layukanmu suke a miƙe, mota biyu su gifta ba a yi cacar baki ba, ruwan sama kuma ya bi kwata ya wuce abinsa.

Unguwarmu gonaki ce a da. Birni ya cika ya batse, masu sabon aure irinmu suka rasa inda za su sa kai, sai aka fara fitowa baya. Hukuma ta zo ta yanka filaye, ta fitar da hanyoyi, ta ware wurin makaranta da na asibiti. Baba aka ba wa unguwar ya riƙa duba ta. Duk wannan ba wanda ya yi gardama a kai. Inda aka yi gardama shi ne tudu.

Fili mafi kyau a unguwar nan kaf shi ne tudun da ke bayan layinmu. Jar ƙasa mai tauri, ruwa ba ya kwanciya, iska ta ko'ina. Shi hukuma ta ware ta ce makabarta ce. Ku tuna mu duka yara ne a lokacin. Suna muke zuwa, ba gaisuwar mutuwa ba. Kowa ya kalli tudun nan sai ya ga kamar an yi asara. Maigidana, wanda duk unguwa ke kira Direba saboda tifar yashi da yake ja, shi ne kan gaba wajen tsokana. Mutum ne ƙato mai ƙatuwar murya, in ya yi dariya har kajin maƙwabta sai sun tsorata. In ya hango Baba yana zagaya tudu sai ya leƙo ta tagar mota.

"Baba, na ga masu gadi iri-iri, amma kai kaɗai ne mai gadin gidan da masu shi ba su tare ba."

"Za su tare, Direba. Ba su da gaggawa ne kawai, kuma in sun shiga ba sa tashi."

Haka suke kullum, ba wanda ke barin ta kwana.

Sai turakun simintin da hukuma ta kafa a iyakar tudun suka koyi tafiya. Yau turke yana nan, bayan mako guda ya matsa ciki, kuma ko da wasa bai taɓa matsawa waje ba. Ba wanda ya ga kowa. Baba ya tone ya mayar, ya dawo ya tarar ya sake tashi. Wata rana ya tsaya a bayan gidan Inna, tsohuwar da ke zaune da ɗanta a kusurwar layi, ya tambaye ta ko turken nan da ƙafafu aka haife shi. Inna ta ce ita dai ba ta taɓa ganin sa yana tafiya ba, amma ta lura duk inda ya je ƙasa sabuwa ce a gindinsa.

Bai kai ƙarar kowa ba. Da damina ta faɗi sai ga shi da dashen darbejiya cike da bayan babur, har ba a ganin kansa. Ya bi iyakar tudun yana dasawa, kowanne daidai kan layin igiya. Kuma bai damƙa wa maza ba. Ya ce maza da safe sun fita, in sun dawo kuma ra'ayi suke dawowa da shi. Mu ya bi ƙofa-ƙofa, duk wadda bayan gidanta ke kallon tudu ya nuna mata nata, ya roƙe ta ruwan wanke-wanke da take zubarwa a banza. Kafin ka ce me, abin ya zama gasa. Wannan ta ce nata ya fi tsawo, waccan ta ce ai na wance ganye ne kawai ba jiki. Awaki suka far musu, Direba ya kwaso fasassun bulo a tifa ya zube mana muka kewaye, yana saukewa yana cewa shi dai bai ga amfanin yi wa matattu inuwa ba. Daga lokacin duk wanda ya doshi tudu da diga, kafin ya sare ƙasa mace ta leƙo ta kan katanga ta tambaye shi lafiya. Dashen ya kama, ya yi saiwa, iyaka ta daina tafiya.

Wanda ya fi ƙarfin bishiya shi ne maganar kasuwa. Unguwa ta cika, kuma ba mu da kasuwa. Ko gishiri ya ƙare sai ka hau mota. Wani dillalin filaye ya shiga bin majalisun maza yana cewa ga tudu nan yana zaune ba aikin fari ba na baƙi, a mayar da shi kasuwa, kowane gida ya samu rumfa, in an yi mutuwa ai tsohuwar makabarta tana nan a tsallaken rafi. Magana ta shiga kunnen kowa, har mu masu ba bishiya ruwa, don mu ne muke shan wahalar cefane. Maza suka kai buƙata hukuma. Hukuma ta ce in mutanen unguwa sun haɗu a kan haka za ta duba, ta sa ranar taro, ta ce Baba ya je ya saurara ya kawo mata abin da aka ce.

A makon taron Baba ya rame. Ƙaramin ma'aikaci ne, ba shi ke yanke hukunci ba, saƙo kawai zai kai. Ya san kukan kasuwa kukan gaskiya ne. Ya kuma san in aka kafa rumfar farko a tudun nan, an gama, ba mai sake tayar da ita har abada. Ya san tsohuwar makabarta ciki da bai, don a can ya binne mahaifiyarsa, kuma da ƙyar aka samo mata wuri a jikin katanga. Amma yaya za ka yi wa mutum mai jini a jika, wanda matarsa ke goyon fari, maganar inda za a kwantar da shi? In ka faɗa ya ce mugun fata kake masa.

Ranar taron an kwana ana ruwa, da safe ma ana yayyafi. Maza suka cika barandar makaranta. Kowa ya tashi kasuwa, kowa ya tashi kasuwa, muryar Direba ta fi ta kowa. Da aka ce Baba ya yi magana, sai ya ce shi bai iya jawabi ba, amma yana roƙon Birkila, maginin da ke aikin sabon aji a makarantar, ya ara masa tsani da buhun siminti ɗaya. Aka kawo ana kallon juna. Ya kwantar da tsanin, ya sa aka ɗora buhun a tsakiya, ya ɗaure shi da igiyarsa.

"Wannan ɗayanku ne," in ji shi. "Bai ma kai rabin Direba ba. Ku kai min shi tsohuwar makabarta. In kun dawo kuka ce kasuwa, da bakina zan gaya wa ofis kasuwa kuke so, ba zan ƙara ko kalma ba."

Wani ya ce ai da mota ake kaiwa. Baba ya tambaya wace mota ce ta tsallaka rafi tun jiya, ya nuna tifar Direba da ke fake a bakin titi saboda ruwa ya hana ta zuwa ɗiban yashi. Wasu suka ce wannan ai neman jaraba ne. Direba ya cire hula ya cusa a aljihu, ya ce shi bai taɓa gudun gardama ba, ya kama gaba.

Da dariya aka tashi. Ana tafe ana yi wa Birkila ta'aziyyar simintinsa, ana tambayarsa ko marigayin ya bar wasiyya. Baba yana gefe riƙe da lemarsa a kan buhun, shi yana jiƙewa, wai kayan aro ne kada ya daskare. Da aka wuce gidajen ƙarshe aka shiga laka, dariya ta ragu. Kafaɗa ta fara canja kafaɗa. Mai tsawo ya ce gajere yana sakar masa nauyi, gajere ya ce mai tsawo ne ya ƙi sunkuyawa. Takalmin dillali ya maƙale a taɓo, ya tsaya cirowa, daga nan ya tuna yana da alƙawari da wani, ba a sake ganin sa ba. Sauran suka ci gaba suna zamewa suna tashi har bakin rafi.

Rafin ya kawo, ruwa ja wur, yana tafe da itatuwa. Wanda zai shiga sai ya kai masa ƙirji. Suka tsaya da tsani a kafaɗa suna kallo. A cikinsu akwai tela, mutum marar hayaniya, wanda mahaifiyarsa ta tsufa tukuf tana ɗakinsa a kwance. Shi ne ya yi magana, a hankali, kamar da kansa yake yi.

"Ni dai ba zan ratsa da tsohuwata ta cikin ruwan nan ba."

Direba ya ce a sauke, aka sauke. Baba bai ce na gaya muku ba, yana nan dai da lemarsa a kan siminti. Sai Birkila ya ce duk abin da za a yanke a yanke, amma simintinsa da tsaninsa a mayar masa inda aka ɗauko. Haka suka sake saɓawa suka dawo da shi. Direba ya shigo gida laka har gira, kafaɗa ta kumbura, ina gasa masa da ruwan zafi yana dariya yana cewa tsohon nan ya gama da su, ko kuɗin mota bai kashe ba. A baranda kuwa ba a sake ambaton tudu ba.

Da wani ne, nan zai tsaya, ya ce ya yi nasara. Baba ya ce kukan mata yana nan ba a share ba. Ya dinga hawa benen ofishinsu yana sauka, yau wannan babba gobe wancan, har sai da ya taso injiniyoyi suka zo suka duba kwarin da ke bakin titi, wanda kowa ya raina saboda ruwa na taruwa. Suka ce in an cike shi aka fitar masa da magudana zai yi kasuwa, har ya fi tudu, don mota na tsayawa a bakinsa. Tifar Direba ce ta yi ta jigilar jar ƙasar cikon. Yau in gishiri ya ƙare, da mayafi kawai nake fita.

Kai ne, Baba, ka ga tsufanmu tun muna amare. Kai ne ka sha zagi a kan mutanen da ba za su taɓa ce maka sannu ba. An kira ka mai taurin kai, an kira ka mai son wahala, wasu sun ce ofis ya manta da kai ne shi ya sa kake yawo a rana. Mai igiyar da ba ta lanƙwasa don kowa. Ban taɓa jin ka ɗaga murya ba, ban kuma taɓa jin wanda ya ce ka matsa masa turke don ya gaishe ka da kyau ba.

Shekaru suka tafi. Tsohuwar makabarta ta cika aka rufe ta. Mahaifiyar tela ce ta fara shiga tudu, kuma ranar Baba ya zo ya ja igiya ya fitar da layi, don kada a yi ta haƙa barkatai fili ya ƙare tun ba a je ko'ina ba. Bayanta wasu suka bi, tsofaffi da jarirai, da waɗanda ba a zata ba.

Bara Direba ya bi su. Ciwon bai daɗe ba. Mutumin da in ya yi atishawa ake ji a layi na biyu, ya kwanta shiru, aka fitar da shi ina zaune a ɗaki ina kallon takalmansa. Yarana biyu ne suka ba ni labarin abin da ya faru a waje. Ba wanda ya aika wa Baba, amma kafin a fito babur ɗinsa yana ƙofa. Da aka ɗauka ya kama gaba, da tsufansa da ciwon gwiwarsa, aka ce ya kawo a karɓa ya ƙi. Tafiyar ba ta kai a canja kafaɗa ba. Da aka gama ya dafa babban ɗana. Sai ya ce masa kawai babanku abokin gardamata ne, ya juya ya tafi.

Da labari ya zo cewa Baba zai ajiye aiki, tsoro ya kama mu. Fiye da rabin tudun bai taɓu ba, kuma an fara ganin baƙin fuskoki suna rage gudun mota a gefensa suna nuni da yatsa. Ashe shi ma abin na ransa. Da shugabanninsa suka tambaye shi abin da yake so a yi masa na sallama, ya ce katanga. Suka ɗauka ta gidansa yake nufi. Ya ce ta tudu.

Shekaranjiya aka ɗora bulo na ƙarshe aka rataya ƙofar ƙarfe, aka kafa allon hukuma. Ku zo ku ga katanga! Ta bi bayan bishiyoyinmu ta kewaye tudun kaf, ba ta ci ko taku ɗaya na kowa ba, ba ta bar ko taku ɗaya ba. Inna ta saki guɗa, ɗanta ya ce haba Inna, makabarta ce fa, ta ce ta sani, ai ita ce ta kusa shiga, ita ta fi kowa haƙƙin murna. Daga can aka ɗunguma barandar makaranta, maza da mata, kowa da abin da ya dafo. Aka zaunar da Baba a kujerar shugaban makaranta, yana zaune a bakin-baki kamar za a ce ya tashi. Birkila ya ce har yanzu yana jiran a ba shi haƙuri kan wahalar da aka ba simintinsa. Tela ya ɗinka masa riga, aka sa masa, ta yi masa yawa, tela ya ce laifin Baba ne da bai taɓa tsayawa wuri ɗaya an auna shi ba.

A nan ne Inna ta tambaye shi, cikin filayen nan duka da ya auna, wanne ne nasa. Ya ce babu. Yana can tsohon gari a gidan da ya tashi, shi da iyalinsa. Inna ta buga sandarta a ƙasa ta ce to ita ta yanke, in lokacinsa ya yi a tudu zai kwanta, tare da mutanensa.

"Inna, daga gidana zuwa nan akwai nisa," in ji Baba yana murmushi. "Wa zai ɗauko ni?"

Babban ɗana ya miƙe, ƙanensa ya miƙe a bayansa.

"Mu ne, Baba. Amma ka yi zamanka tukuna, ba mu shirya ba."

Baba ya sunkuya ya buɗe jakarsa, ya daɗe yana neman wani abu a ciki, bai fito da komai ba.

Allah ya ja kwananka, Baba Mai Awo, ya ba ka lafiyar gwiwa, ya sa ka huta hutun da ba ka taɓa yi ba. Ku ma'aikatan da za ku karɓi igiyarsa, ku sauko daga mota ku taka ƙasa, ku san mutane tun gininsu yana rami. Ku kuma da kuke sayen filaye can gaba da mu, inda yanzu ake yankan gonaki, in kuka ga wani ya kewaye fili mai kyau ya ce kada a taɓa, kada ku yi masa dariya da yawa. Ku ba shi ruwa ya sha, ku tambaye shi na mene ne.

Na gode, Baba. Yau da safe yaran nan suka je suka gai da babansu, suka dawo shayinsu bai huce ba.